Hangen Dala ba shiga birni ba: tarihin jami'an da suka yabi makarantun mulkin danniya

Gabatarwa

Ƴan'uwa malamai da masu kishin al'adu, akwai wata irin tafiya da tarihin ilimi ya sha maimaitawa. Gwamnati takan tura wani babban jami'inta zuwa wata ƙasa domin ya gano yadda makarantunta suke aiki. A tarbe shi da karamci, a zagaya da shi cikin azuzuwa masu tsabta, yara su miƙe su gaishe shi da murya ɗaya, bayan ƴan makwanni ya komo gida ya rubuta rahoto cike da yabo. Idan ƙasar da ya ziyarta mai mulkin danniya ce, inda ba a sukar mai mulki kuma jarida ba ta fita sai an tace ta, to rahoton nan yakan tada ƙura. Wasu su ce hikima ba ta da ƙasa, duk inda aka tsince ta sai a ɗauka. Wasu kuma su ce makaranta ɗiyar hukumar da ta haife ta ce, wanda ya auro ɗiya kuwa ya auro halin uwa.

A cikin wannan maƙala za mu bi diddigin misali guda wanda ya fi sauran tsufa da tasiri, wato yabon da jami'an Faransa da na Amurka suka yi ma makarantun masarautar Purusiya tsakanin shekara ta 1831 da ta 1845, da taƙaddamar da yabon ya haifar. Dalilin zaɓen wannan misali shi ne yana taɓa mu kai tsaye, domin makarantar horon malamai da yawancinmu muka fito daga cikinta, wadda muke kira ekol normal, tana da jijiya a cikin wannan labari.

Purusiya da makarantunta

Purusiya wata masarauta ce ta arewacin ƙasar Jamus, babban birninta Berlin, wadda daga baya, a shekara ta 1871, ta haɗe sauran ƙasashen Jamusawa a ƙarƙashin sarkinta. Tun a shekara ta 1717 Sarki Frederik Wilhelm na ɗaya ya umurci iyaye da su tura ƴaƴansu makaranta a duk inda take akwai. A 1763 ɗansa Frederik na biyu ya fitar da babbar dokar makarantun karkara, wadda ta wajabta karatu daga shekara 5 zuwa 13 ko 14. Sai dai a wancan zamani doka ta fi ƙarfi a takarda, domin malamin ƙauye sau da yawa tela ne, ko wani mai sana'ar hannu, ko tsohon soja da aka sallama.

Abin da ya sake lamarin shi ne kashin da Purusiya ta sha a hannun Napoleon a fagen yaƙin Jena a shekara ta 1806, wanda ya sa ta rasa kusan rabin ƙasarta a shekarar da ta biyo. Manyan ƙasar suka yi shawara cewa abin da aka rasa da takobi sai a nemo shi da ilimi. Masanin falsafa Fichte ya yi jerin laccoci a Berlin tsakanin 1807 da 1808, yana kira da a yi ma dukkan ƴaƴan ƙasa tarbiyya guda. Aka ɗora Wilhelm von Humboldt a kan sashen ilimi daga 1809 zuwa 1810, aka kafa jami'ar Berlin, aka tura samarin malamai ƙasar Suwis su koyi dabarun koyarwa a wurin Pestalozzi, wanda ya yi suna da koyar da yaro ta hanyar abin da yake gani da abin da yake taɓawa kafin a kai shi ga hadda. Mafi girman aikin shi ne buɗe gomman makarantun horon malamai, inda saurayi yake yin shekara biyu ko uku yana koyon sana'ar koyarwa kafin a danƙa masa aji.

Wannan ita ce fuska ta ɗaya. Ta biyu kuwa, sarkin Purusiya ya yi ma jama'arsa alƙawarin kundin tsarin mulki a shekara ta 1815, bai cika ba har ya rasu. Daga 1819, a ƙarƙashin dokokin da aka tsara a garin Karlsbad, aka sa ma jaridu takunkumi, aka naɗa wakilan gwamnati su sa ido a kan jami'o'i, aka kori malaman da ake zargi da ra'ayin sauyi. Ƙasar da ta fi kowace kula da malamin firamare a Turai, ita ce kuma ƙasar da malamin jami'a yake iya kwana a kurkuku saboda wata magana da ya faɗa ma ɗalibansa.

Victor Cousin: daga kurkukun Berlin zuwa yabon makarantunta

Babu wanda ya fi Victor Cousin sanin wannan fuska ta biyu. Shi masanin falsafa ne na Faransa, wanda gwamnatin ƙasarsa ta dakatar da darasinsa a jami'ar Sorbonne saboda ra'ayinsa na ƴanci. A shekara ta 1824, yana cikin tafiya a Jamus, aka kama shi a birnin Dresden, aka miƙa shi ga ƴan sandan Purusiya, ya yi watanni a tsare a Berlin bisa zargin alaƙa da masu neman juyin mulki. Abokinsa Hegel yana cikin waɗanda suka yi masa ƙoƙari har aka sake shi.

Shekara bakwai bayan haka, a 1831, sabuwar gwamnatin da juyin juya halin 1830 ya kawo a Faransa ta tura shi wannan Berlin ɗin a matsayin jami'in majalisar ilimi, domin ya nazarci makarantu. Makwanni kaɗan ya yi, kuma yawancin abin da ya samo ya same shi ne daga takardun da ma'aikatar ilimi ta Purusiya ta ba shi da kuma hira da manyan ma'aikatanta. Rahotonsa, wanda aka buga a 1832, ya yaba da kusan komi: makaranta a kowane ƙauye, malami mai horo da albashi, masu duba makarantu, da ikon hukuma a kan dukkan tsarin. Shi da kansa ya lura cewa a harshen Jamusanci wajibcin zuwa makaranta da wajibcin aikin soja kalmomi ne masu gini iri ɗaya, kuma bai ga aibu a cikin haka ba. Hujjarsa ita ce babbar ƙasa ba ta jin kunyar aron abu mai kyau, ko daga hannun abokin gaba ne.

Sai dai akwai wani babban kuskure a tsakiyar rahoton, wanda masu tarihi suka tono daga baya. Cousin ya gina yawancin bayaninsa a kan wata doka ta shekara ta 1819 da wani jami'i mai suna Süvern ya tsara, ya gabatar da ita ga Faransawa a matsayin dokar da ake aiki da ita. Alhali kuwa daftari ne kawai, wanda masu ra'ayin riƙau suka danne, ba a taɓa zartar da shi ba. Wato wani ɓangare na Purusiyar da Turai da Amurka suka yi ta sha'awa, a cikin aljihun teburin minista take kwance.

Duk da haka rahoton ya yi aiki. A ranar 28 ga watan Yuni 1833 aka zartar da dokar da ke ɗauke da sunan ministan ilimi François Guizot. Ta wajabta ma kowace ƙaramar hukuma ta riƙe makarantar firamare, ta ba malami masauki da albashin da bai gaza faran 200 ba a shekara, ta kuma wajabta ma kowane lardi ya riƙe makarantar horon malamai. A 1835 aka ƙara da sufetocin makarantun firamare. Amma Guizot ya ƙi ɗaukar tilasta ma iyaye tura yara, domin yana ganin hakan bai dace da ƙasar da ke girmama ƴancin iyali ba. A Ingila ma, inda wata marubuciya mai suna Sarah Austin ta fassara rahoton a 1834, babban jami'in shari'a na gwamnati, Lord Brougham, ya shaida ma wani kwamitin majalisa cewa masu kafa hujja da gwamnatin soja irin ta Purusiya ba su san halin Ingilishi ba. Tun daga farko ke nan masu aro suna ƙoƙarin tsince tsakuwa daga cikin hatsi.

Horace Mann da malamai 31 na birnin Boston

A Amurka ne taƙaddamar ta fi zafi. An sake buga fassarar rahoton Cousin a can a 1835, ta shiga hannun masu neman gyaran makarantu. Fitacce a cikinsu shi ne Horace Mann, lauya kuma ɗan siyasa, wanda ya bar shugabancin majalisar dattawa ta jihar Massachusetts a 1837 ya zama magatakardan sabuwar hukumar ilimi ta jihar. A 1839 aka buɗe makarantar horon malamai ta gwamnati ta farko a Amurka, a garin Lexington.

Nan da nan adawa ta taso. A 1840 wani kwamitin majalisar wakilan jihar ya ba da shawarar a rushe hukumar ilimi da makarantun horon malamai baki ɗaya. Hujjarsa ita ce hukumar tana kwaikwayon tsarin Faransa da na Purusiya, inda ake tattara ikon tarbiyya a hannun gwamnati domin ta sarrafa tunanin talakawa, alhali a Massachusetts mutanen kowane gari ne suke riƙe da makarantarsu tun kaka da kakanni. Majalisa ta yi watsi da shawarar da ƙuri'a 245 a kan 182. Duk wanda ya dubi wannan rata ya san tsoron nan ba na mutane kaɗan ba ne. A 1842 kuma wani matafiyi ɗan ƙasar Sikotland, Samuel Laing, ya buga littafin tafiye-tafiyensa, inda ya nuna cewa karatun Purusiya horo ne na biyayya, wanda ke fitar da mutane masu iya rubutu da ƙidaya amma marasa ikon kansu.

A 1843 Mann ya tafi Turai ya gano ma idonsa. Ya yi kimanin makwanni shida yana shiga makarantun Purusiya da na maƙwabciyarta Saksoni, ya komo ya zuba abin da ya gani a cikin rahotonsa na shekara na bakwai, wanda ya fito a farkon 1844. Ya ce a duk tsawon zamansa bai ga malami yana sauraren darasi da littafi a hannu ba, bai ga malami zaune ba, bai ga an doki yaro ba, bai kuma ga yaro yana kuka ba. Ya yaba da yadda ake raba yara aji aji bisa shekaru da matsayin karatu, da yadda malami yake jan hankalinsu da tambaya da misali. Game da sukar Laing, Mann bai musanta cewa Purusiya ƙasar danniya ce ba. Hasali ma ya rubuta cewa yaron Purusiya in ya bar makaranta ba ya samun inda zai yi amfani da hankalinsa, tun da gwamnati ce take yi masa tunani a kan komi. Amma ya ce dabarar da sarki yake amfani da ita domin ya ƙarfafa sarautarsa, jamhuriya za ta iya amfani da ita domin ta ƙarfafa ƴancinta. Ya kuma yi hasashen cewa jama'ar da ta yi karatu ba za ta daɗe ba ta nemi a dama da ita a cikin mulki.

Waɗanda suka fi jin zafin rahoton su ne shugabannin makarantun birnin Boston. Ko da yake Mann bai kama sunansu ba, kowa ya gane cewa yabon malamin Berlin zargi ne a kan malamin gida. Su 31 suka haɗu suka buga masa doguwar amsa a 1844. Suka ce mai ziyarar makwanni shida bai isa ya yanke hukunci a kan ƙasa ba, kuma wanda bai taɓa riƙe aji irin nasu ba yana da sauƙin baki. Suka kare koyar da karatu ta hanyar baƙaƙe, suka kare hadda daga littafi, suka ce malamin da yake tauna ma yaro komi yana hana shi koyon wahalar karatu da kansa. Suka kuma kare bulala, suna masu cewa biyayya ita ce tushen tarbiyya, kuma dole ta tsaya a kan ikon malami.

A nan akwai abin dubawa. Jami'in jamhuriya yana yabon ƙasar danniya saboda sassaucin malamanta, malaman jamhuriya kuma suna kare tsanani da sunan tarbiyya. Kowane ɓangare yana riƙe da wata gaskiya. Malaman Boston sun yi gaskiya a kan batun ziyara, domin kowane malami a cikinmu ya san yadda aji yake zama ranar da aka ce baƙo zai zo: a share, a gyara zama, a ɓoye bulala a bayan allo, a riƙa nuna yaran da aka san za su amsa. Sun yi gaskiya kuma a kan halin da suke aiki a ciki, domin a lokacin ana tara yara kusan 200 a cikin babban ɗaki guda, malami da mataimakansa suna fama da su. Mann kuwa ya yi gaskiya cewa koyarwa sana'a ce da ake koyo, kuma yaron da tsoro ya cika masa zuciya ba ya fahimtar darasi.

Amsa da martani suka yi ta kai da komowa har cikin 1845. A wannan shekara abokan Mann da suka shiga kwamitin makarantun birnin suka shirya ma ɗalibai kimanin 500 jarrabawar rubutu ba tare da sanarwa ba, abin da ba a saba gani ba a lokacin, suka buga sakamakon makaranta bayan makaranta. Sakamakon bai yi kyau ba, malaman suka ji kunya a gaban jama'a. A ƙarshen shekarun 1840 aka buɗe makarantar Quincy a Boston, mai ɗakuna daban daban, kowane aji da malaminsa da yara hamsin da ƴan kai. A 1852 Massachusetts ta zama jiha ta farko a Amurka da ta wajabta zuwa makaranta. Rigimar da ta faro daga yabon Purusiya ta bar ma malamai gado iri biyu: ƙaramin aji wanda ya sauƙaƙa musu aiki, da jarrabawar da ake auna su da ita a bainar jama'a.

Abin da ya faru a Purusiya bayan tafiyar baƙi

Masu yabo da masu suka sun yi ta magana kamar makarantar Purusiya abu ne tsayayye wanda ba ya motsi. Tarihi ya nuna akasin haka. A watan Maris 1848, shekara biyar bayan ziyarar Mann, mutanen Berlin suka yi bore suna neman kundin tsarin mulki, kuma malaman firamare da yawa suka shiga tarurruka da ƙungiyoyin neman sauyi. Bayan an murƙushe boren, fadar sarki ta ɗora musu laifi. An ruwaito cewa a 1849 Sarki Frederik Wilhelm na huɗu ya faɗa ma malaman makarantun horo cewa masifar shekarar da ta gabata daga irin karatunsu ta fito.

Tun kafin boren, a 1847, an sauke Adolph Diesterweg daga shugabancin makarantar horon malamai ta Berlin, shi da ya fi kowa yaɗa koyarwar Pestalozzi a ƙasar. A 1851 aka haramta makarantun renon ƙananan yara da Fröbel ya ƙirƙiro, haramcin da ya kai har 1860. A watan Oktoba 1854 aka fitar da ƙa'idoji uku da ake kira da sunan jami'in da ya tsara su, Stiehl, waɗanda suka taƙaita karatun firamare ga haddar addini da waƙoƙin majami'a, da karatu da rubutu da ƙidaya gwargwadon buƙatar manomi. Aka hana ɗaliban makarantun horo karanta manyan littattafan adabin Jamusanci. Sai a 1872 aka soke waɗannan ƙa'idoji.

Wannan ya nuna mana cewa Laing da Mann duka sun hango wani abu. Hukuma ta so makaranta ta zama gidan biyayya, kamar yadda Laing ya faɗa. Amma malamin da aka koya ma yin tambaya bai tsaya inda aka shata masa ba, kamar yadda Mann ya yi hasashe. Da sarauta ta gane haka, abin da ta fara rusawa shi ne ainihin abin da baƙi suka fi yabawa, wato malami mai zurfin horo.

Daga Paris zuwa ƙasarmu

Faransa ta sake waiwayar Purusiya bayan da wannan ta ci Otiriya a Sadowa a 1866, ta kuma ci Faransa kanta a 1870. Magana ta bazu cewa malamin makarantar Purusiya ne ya ci yaƙin. Dokar Paul Bert ta 1879 ta wajabta ma kowane lardi makarantar horon malamai ta maza da ta mata. Dokokin Jules Ferry na 1881 da 1882 suka mai da karatun firamare kyauta, kuma wajibi daga shekara 6 zuwa 13. Amma a wannan karo an aro har da tsakuwar da Guizot ya tsince: a watan Yuli 1882 aka kafa bataliyoyin ƴan makaranta, inda yara maza daga shekara 12 suke koyon fareti da ƙananan bindigogi. Cikin kimanin shekara goma wannan shiri ya mutu, makarantun horon malamai kuwa suka ɗore.

Wannan tsari na horon malamai shi ne mulkin mallaka ya tsallako da shi Afirka ta Yamma. A 1903 aka buɗe ekol normal a Saint-Louis ta ƙasar Senegal, aka mai da ita tsibirin Gore a 1913, aka sa mata sunan William Ponty a 1915. Masu mulkin mallaka ba su ɓoye manufarsu ba. Georges Hardy, wanda ya shugabanci ilimi a yankin daga 1912 zuwa 1919, ya ɗauki makaranta a matsayin hanyar cin zukata bayan an ci ƙasa da bindiga. To amma daga wannan makaranta Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari suka fito, dukkansu malaman makaranta, dukkansu kuma suna cikin waɗanda suka ja ragamar siyasar Nijar tun daga shekarun 1940 har zuwa samun ƴancin kai. Abin da ya faru da sarkin Purusiya a 1848 ya faru da gwamnan mulkin mallaka bayan shekara ɗari. Makarantun horon malamai na Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso jikokin wannan dogon tarihi ne.

Tsohuwar rigima cikin sabuwar riga

Taƙaddamar ba ta ƙare da Purusiya ba. Bayan da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko a watan Oktoba 1957, kwamishinan ilimi na Amurka, Lawrence Derthick, ya jagoranci tawaga zuwa can a 1958, ya komo yana mamakin yadda ƙasar ta duƙufa ga ilimi. A wannan shekara majalisar Amurka ta zartar da dokar zuba kuɗi a koyar da kimiyya da lissafi da harsuna, da sunan tsaron ƙasa.

A watan Disamba 2010 aka fitar da sakamakon jarrabawar PISA, wadda ake auna ɗalibai ƴan shekara 15 na ƙasashe da dama da ita, birnin Shangai na ƙasar Sin ya zo na farko a karatu da lissafi da kimiyya. Ministan ilimi na Ingila a lokacin, Michael Gove, wanda ya ziyarci Sin a wannan shekara, ya rubuta a jarida yana kwatanta shirinsa na gyaran makarantu da doguwar tafiyar Mao, yana kuma fatan juyin al'adu irin na Sin. Masu suka suka tunatar da shi cewa a juyin al'adun da aka yi tsakanin 1966 da 1976 an rufe makarantu, an wulaƙanta malamai a gaban ɗalibansu, kuma jarrabawar shiga jami'a ba ta dawo ba sai a 1977. A zagayen 2012 Shangai ta samu maki 613 a lissafi, Birtaniya 494. A watan Fabrairu 2014 ƙaramar ministar ilimi Elizabeth Truss ta kai ziyara Shangai, aka fara musayar malaman lissafi, a 2016 kuma aka ware fam miliyon 41 domin yaɗa dabarar a makarantun firamare.

Hujjojin masu suka sun yi kama da na 1844. Suka ce Shangai birni ne mai arziki wanda ba ya wakiltar ƙasar Sin. Wani mai bincike a Amurka, Tom Loveless, ya nuna a 2013 cewa tsarin rajistar zama yana tilasta ma ƴaƴan ƴan ci-rani da yawa barin makarantun birnin kafin su kai shekarun jarrabawar. Malaman Ingila kuma suka lura cewa takwaransu na Shangai lissafi kawai yake koyarwa, darasi kamar biyu a yini, sauran lokacin na shiri ne da gyaran aikin yara, alhali su suna tsaye a aji tun safe har yamma a kan dukkan fannoni. A 2021 gwamnatin Sin da kanta ta ɗauki matakin rage aikin gida da hana kasuwancin darussan bayan makaranta, saboda nauyin da suke ɗora ma yara da iyaye.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi yake koya mana shi ne jami'in da ya yabi makarantar wata ƙasa, da malaman gida yake magana, ko ya kama sunansu ko bai kama ba, kuma su ne za su ɗauki nauyin duk abin da aka aro. Haramta aro ba shi da amfani, domin da Guizot da Mann ba su ara ba, da ba mu gaji makarantar horon malamai ba. Amma abin da ya amfani masu aro a kowane karo shi ne mai tsada da jinkirin sakamako: shekarun horo, albashi, masauki, aji mai yawan yara daidai ƙarfin malami, da lokacin shirya darasi. Fareti da amsa da murya ɗaya su ne masu arha, su ne kuma suka fi burge baƙo.

Don haka a duk ranar da wani jami'i, a kowace ƙasa yake, ya komo daga tafiya yana ba da labarin makarantun da ya gani, haƙƙin ƙungiyoyin malamai da na iyaye ne su yi masa tambayoyin da tarihi ya bar mana. Kwana nawa ya yi, kuma wa ya zaɓa masa makarantun da ya shiga? Dokar da aka nuna masa, ana aiki da ita ko daftari ce irin ta Süvern? Waɗanne yara ne ba su cikin ajin ranar da ya je? Shekara nawa aka horar da malamin da ya burge shi, yara nawa yake riƙe da su, nawa ake biyansa? Sa'an nan a tambaye shi abin da Mann ya tambayi kansa a 1844: yaron nan da ya iya karatu, in ya girma, an yarda ya karanta abin da yake so, ya kuma faɗi abin da ya fahimta?